Zan iya hayar jirgin ruwa in tuƙa da kaina a Girka?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, Kano. Ina so in kai iyalina hutu tsibiran Girka, mu yi hayar jirgin ruwa mai tafiya da iska, ni ne matuƙi. Me ake buƙata?

Amsa: Alhaji, bayan bizar Shengen, ba za a ba ka jirgi ba sai da takardar shaidar tuƙi, irin ICC (shaidar ƙwarewa ta ƙasa da ƙasa) ko RYA Day Skipper (ta ƙungiyar tuƙin jirgin ruwa ta Birtaniya), da mataimaki wanda ya san aikin. Idan babu, ku ɗauki hayar kyaftin. Hayar jirgin yawanci mako guda ce, Asabar zuwa Asabar, kuma za ka ajiye kuɗin jingina saboda ɓarna.

Shawararmu, ka fara da tsibirin Korfu ko Lefkada a yammacin Girka, inda iska ta fi sauƙi. A tekun Ejiyan da ke gabas kuwa, iskar da ake kira Meltemi kan taso daga arewa da ƙarfi a Yuli da Agusta, ba wurin sabon shiga ba ne.

Inda aka fi shan wuya shi ne tsayawa a tasha. Da baya ake shiga, ana sakin anga daga gaba. Tsawon sarƙar anga ya kai aƙalla ninki huɗu na zurfin ruwan. In ta gaza, anga ba ta kama ƙasa, iska ta maka bayan jirgin da bangon tasha. Ka lura kada sarƙarka ta hau ta maƙwabci.