Amsa kan kafin alƙalami, uwar kuɗi da jinginar gida

Malam, ka tambayi abin da ya bambanta kafin alƙalami da uwar kuɗi a takardar bashin sayen gida da banki ya ba ka. Kafin alƙalami shi ne abin da kake biya daga aljihunka tun farko. Idan ka biya kashi 20 cikin 100 na farashin gidan, banki ya cika sauran kashi 80, wannan cikon shi ne uwar kuɗi, kuma a kansa ake lissafa ruwa.

Jingina kuwa tana nufin gidan da kansa shi ne tabbacin bashin, ta yadda idan biya ya tsaya, banki na da ikon bin hanyar da doka ta tsara ya sayar da shi domin ya karɓi haƙƙinsa. A ganina, abin da ya fi cancantar ka tsaya a kansa shi ne jadawalin biya, domin a shekarun farko mafi yawan abin da kake bayarwa duk wata ruwa ne yake cinyewa, uwar kuɗin kuwa kaɗan-kaɗan take raguwa. Ka duba kuma ko ruwan tsayayye ne ko mai sauyawa, tun da na biyun yana iya hawa bayan ka sa hannu.

La'adar dillali da kuɗin mai ƙiyasta darajar gida ba sa cikin farashin, saboda haka ka nemi a rubuta maka su daban kafin a kammala ciniki.