Amsa kan T42 ɗin da sikirin ɗinta ya yi duhu

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na saurari saƙonka. Ka ce laftof ɗin nan ThinkPad T42 da ka gada wajen Baba tana kamawa, fanka na juyawa, har ƙarar Windows kana ji, amma sikirin baƙi ƙirin. Ka kuma ce kafin ya ɗauke gaba ɗaya, in an kunna ta da safe sai ya yi ja-ja tukuna ya washe. To, wannan ja-jan nan shi ne ya tona asirin.

Don Allah kada ka sayi sabon sikirin tukuna. Shiga ɗaki ka kashe wuta, ka kunna ta, ka kawo tocilan wayarka dab da gilashin, ka haska a karkace. In ka hango rubutu dishi-dishi, to hoton yana nan, haske ne babu.

Ka ga, kwamfutocin 2004 irin wannan ba LED suke da shi ba. Wata siririyar fitilar gilashi ce kwance a gindin sikirin, ana ce mata CCFL, 'yar ƙanwar doguwar fitilar nan ta ofis. Akwai wani ɗan siririn allo a ƙasan sikirin, inbata, shi yake ɗaga mata wuta zuwa ɗaruruwan bolt. In fitilar ta tsufa, sai ta fara da ja, daga baya ta riƙa kawowa na daƙiƙa ɗaya ko biyu ta ɗauke. Ni dai a nawa ganin fitilarka ce, ba inbata ba. Amma inbatan ya fi sauƙin canzawa, in ka samu na aro ka fara gwada shi.

In tocila ba ta nuna komai ba, jona wata monita daban ta ramin VGA, wato ramin da ake jona monita a jikin kwamfutar, ka danna Fn da F7. Monita ta nuna tsaf? To kebul ɗin da ya bi ta maɗaurin murfi ne. In ita ma ta kawo layi-layi ko ta daskare, wannan kuma wani zance ne: dalmar da ke ƙarƙashin cip ɗin ATI, wanda ke sarrafa hoto, ce ta tsage. T40 zuwa T42 sun yi suna a kan haka, musamman in ana ɗaukarsu ta kusurwa da hannu ɗaya, allon ciki yana lanƙwasa. Wani mai gyara zai ce a buga mata bulowa, wato a hura wa cip ɗin iska mai zafi. Za ta iya tashi, amma kada ka sa rai gyaran zai daɗe.

Kafin ka kwance komai, cire batir da caja, inbatan nan yana jan mutum. Fitilar kuma akwai zaiba a ciki, kada ta fashe kusa da yara. Yi gwajin tocilan yau da dare, ka turo mana hoto a nan.