Zauren Tambaya: Za mu ƙaura daga Birmingham zuwa Dubai da yara uku 'yan makaranta

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Shekararmu goma sha shida a Birmingham. Maigida likita ne, kuma Allah ya ba shi aiki a wani asibiti a Dubai, zai fara a watan Janairu. Yaranmu uku: babbar shekararta 15, tana aji na 11, mai bi mata namiji ne, yana aji na 6, autar tana aji na 2. Shi da yaran duk fasfon Birtaniya gare su, ni kaɗai ce nake riƙe da fasfon Najeriya da takardar zaman dindindin. Gidan da muke ciki ba mu gama biyan banki kuɗinsa ba. Yanzu ga Oktoba ya kama, har na fara tambayar masu kwantena farashi, amma kaina ya ɗaure. Ta ina zan fara? Maigida yana so mu tashi gaba ɗaya a Disamba.

Maman yara, Birmingham

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sa alheri, ya sa ku je a sa'a. Ajiye maganar kwantena tukuna, ita ce mafi sauƙi a cikin duk abin da ke gabanki. Abin da zai yanke muku ranar tashi shi ne karatun babbar 'yarki. Shawarata ita ce maigida ya yi gaba a Janairu, ke da yara ku bi shi a Agusta.

Ga dalili. Jarrabawar GCSE karatun shekara biyu ne, aji na 10 da na 11, ana kuma zana ta a Mayu da Yuni. 'Yarki ta riga ta ci fiye da rabin tafiyar. Makarantarta tana bin manhajar wata hukumar jarrabawa, ko AQA, ko OCR, ko Pearson Edexcel, wani lokaci ma kowane darasi da hukumarsa. Makarantun Dubai masu bin tsarin Birtaniya da yawansu IGCSE suke yi, wato GCSE ta ƙasa da ƙasa, ta Cambridge ko ta Edexcel. Sunan darasin ɗaya ne, amma abin da ke ciki ya bambanta. Littattafan adabin da ta yi wata da watanni tana bita ba lallai su ne ake karantawa a can ba, haka tarihin da ta haddace. Ki ɗauke ta a Disamba, saura wata biyar jarrabawa, kin jefa ta cikin wahalar da ba ta da dalili. Makarantu da dama ma ba sa karɓar ɗalibi a tsakiyar aji na 11, sai su ce ya koma aji na 10, shekara guda ta tafi ke nan. Idan kuwa kuka jira ta ajiye alƙalami a Yuni, sai ta shiga aji na 12 a Dubai tare da kowa, ta fara karatun A-Level daga farkonsa. Shi ma ɗanki a Yuli zai gama firamare, dama can makaranta zai sauya. Auta kuwa a ko'ina kika ajiye ta za ta kama, in sha Allahu.

Na san wata bakwai ba miji a gida, ga yara uku, ga sanyin Ingila, ba ƙaramin abu ba ne, ba kuma na raina shi. Amma jirgi kai tsaye yake tashi daga Birmingham zuwa Dubai, tafiyar kamar awa bakwai, akwai hutun Fabrairu da na Ista da za ku iya leƙa shi ku ga gari. Sannan ko kun so tafiya tare, sai shi ya fara samun izinin zama da katin shaida na Emirates ID, ya kama gida, an yi wa hayar rajista a tsarin da suke kira Ejari, kafin ya iya nema muku bizar iyali. Dokar ƙwadago ta can kuma ta ba mai aiki damar gwada sabon ma'aikaci har wata shida. Gara ya gama wannan lokacin gwaji ku tabbatar aikin ya zauna, kafin ku tumɓuke yara uku daga makarantunsu. Saboda haka ma, kafin 31 ga Oktoba ki cike wa ɗanki takardar neman sakandare ta nan Birmingham kamar ba inda za ku. Ranar 1 ga Maris ake sanar da gurbi. In tafiya ta tabbata sai ki saki gurbin, in abu ya sauya yaro yana da wurin zuwa.

Yanzu maganar da ta fi tsaya mini a rai, wato takardarki. Takardar zaman dindindin ba ta dindindin ba ce ga wanda ya bar ƙasar. Idan kika yi shekara biyu a jere ba ki Birtaniya, ta mutu. Ranar da za ku dawo, miji da yara su wuce da fasfonsu, ke kuma ki koma neman biza kamar baƙuwa a ƙasar da kika haifi 'ya'yanki. Na san wata baiwar Allah da hakan ta faru da ita bayan sun yi shekaru a ƙasar Larabawa. Yaranta suka koma makaranta a Ingila, ita tana can tana jiran amsar ofishin biza, tana kallon su ta waya suna shirin makaranta da safe. Kada ki bari haka ta same ki. Tunda mijinki ɗan ƙasa ne, kuma kin haura shekara uku kina zaune a ƙasar, kina iya neman zama 'yar ƙasa yanzu-yanzu, muddin ba ki yi fiye da kwana 270 a waje cikin shekara ukun nan ba, ko fiye da kwana 90 a shekarar ƙarshe. Kuɗin ya haura fam 1,500, amsa kuma yawanci takan fito cikin wata shida, sannan a yi bikin rantsuwa, sannan ki nemi fasfo. Ki lissafa, za ki ga watannin jiran nan sun zo daidai. Ba za ki rasa na Najeriya ba, domin tsarin mulkin 1999 ya yarje wa haifaffen ɗan ƙasa ya riƙe biyu. Ki tuna kuma daga 2022 zuwa tsakiyar 2024 Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ta dakatar da bai wa masu fasfon Najeriya biza. An buɗe, amma abin da ya taɓa faruwa ya isa ya sa mutum ya yi tanadi.

Akwai kuma abin da iyaye ba sa tunawa sai ya zo wuya: kuɗin jami'a. Fasfon Birtaniya shi kaɗai ba ya sa a ɗauki yaro a matsayin ɗan gida. Sharaɗin shi ne ya kasance mazaunin ƙasar a shekara ukun da suka gabaci shigarsa jami'a. Ɗan gida a Ingila fam 9,535 ya biya a zangon 2025 zuwa 2026, kuma yana iya cin bashin karatu na gwamnati. Ɗan waje yakan biya ninki biyu ko uku, karatun likita ma ya fi haka nesa, kuma babu bashi. Shekara biyun da 'yarki za ta yi a Dubai suna cikin waɗannan shekara ukun. Mafitar ita ce dokar ta yi rangwame ga yaran da aikin wucin gadi ya fitar da iyayensu waje, amma ku ne za ku kawo hujja, kuma kowace jami'a ita ke yanke nata hukuncin. Don haka ku adana kwantiragin aikin mai nuna wa'adinsa, da takardun bizar da ke nuna zaman na aiki ne, da tikitin duk zuwan da kuka yi hutu, da shaidar cewa gidanku na Birmingham yana nan a hannunku. Wannan yana cikin dalilan da suka sa zan ce kada ku sayar da gidan. Ƙungiyar UKCISA tana bayanin wannan doka dalla-dalla, ki zauna ki karanta tare da yarinyar, ta kai shekarun da za a yi shawara da ita.

In za ku sa 'yan haya, sai kun nemi izinin bankin da ya ba ku bashin gidan a rubuce, ku kuma sauya inshorar gida zuwa ta masu bayar da haya. Hukumar haraji ta HMRC tana da fom mai suna NRL1 na masu gida mazauna waje. In ba ku cike ba, dillalin zai riƙa cire kashi 20 cikin ɗari kafin ya turo muku kuɗin haya. Maigida ya cike fom P85, na sanar da HMRC cewa zai bar ƙasar, idan ya ajiye aiki. Kuɗin tallafin yara da kike karɓa zai tsaya, ke za ki sanar da su da bakinki, kar su zo daga baya su ce ki mayar. A Dubai ba a cire harajin albashi, amma Birtaniya tana ƙirga kwanakin da mutum ya yi a ƙasarta, kuma shekarar harajinta daga 6 ga Afrilu take farawa. Tunda iyali za su rage a gida na ɗan lokaci, ya biya akanta ya duba masa lissafin tun kafin ya tashi.

Sai takardu, kuma a nan ne Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar haihuwar kowane yaro sai Ma'aikatar Harkokin Wajen Birtaniya ta buga mata hatimi, sannan ofishin jakadancin Daular Larabawa da ke Landan ya buga nasa, sannan a ƙara wani hatimin a can. Takardar aurenku kuwa, in a Najeriya aka ɗaura, ba a Landan za a tabbatar da ita ba, Abuja za ta je, Ma'aikatar Harkokin Waje da ofishin jakadancinsu na can. Ki sa wani amintacce a gida ya fara bin wannan tun yanzu, kuma maigida ya tambayi sashen ma'aikata na asibitin wace irin takardar aure suke karɓa. Ki buɗe fasfon yara ki duba kwanan wata. Na yaro shekara biyar kawai yake yi, kuma ana so a ce saura aƙalla wata shida a jikinsa. Ki lalubo jan littafin nan na asibiti da aka ba ki ranar haihuwar kowannensu, mai shafin allurar rigakafi da zanen nauyin jariri, ki sa a jakar hannunki, kada ya shiga kwantena, domin makaranta za ta tambaya. Kafin a rufe makaranta a Yuli ki rubuta wa kowane shugaban makaranta ranar tafiya da sunan sabuwar makaranta, ki karɓi rahoton shekara biyu da takardar shaidar sauya makaranta mai hatimi. Da zarar an shiga dogon hutu, da wuya ki sami wanda zai sa miki hannu. Sakamakon GCSE kuma wata Alhamis a ƙarshen Agusta yake fita, sai ki shirya da makarantar yadda zai iso gare ku in kun riga kun tashi.

Wajen zaɓen makaranta, hukumar KHDA ce ke duba makarantun kuɗi na Dubai, tana kuma wallafa rahoton kowace. Ki karanta shi kafin ki kalli hoton gini. Akwai waɗanda kuɗinsu a manyan azuzuwa ya haura dirhami 100,000 a shekara, ban da motar makaranta da kayan makaranta da kuɗin jarrabawa. Maigida ya tabbatar nawa asibitin zai bayar na karatun yara, kuma na yara nawa, ya ga hakan a rubuce kafin ya sa hannu. Haka inshorar lafiya, ta shi ce kaɗai ko har da ku, domin da kun bar zama a Birtaniya kwanciyar asibiti kyauta ta NHS ta wuce ku, ko hutu kuka zo. Abin farin ciki, ƙananan za su yi Larabci a matsayin darasin dole, duk ukun kuma za su yi darasin addinin Musulunci a cikin jadawalin makaranta. Ranar Juma'a rabin yini ake yi.

Kaya kuwa, sai wajen Mayu ki kira masu kwantena. Soket ɗin can irin na Ingila ne mai baki uku, kayan wutarki za su yi aiki. Manyan rigunan sanyi ki bar su wurin wata 'yar uwa. Kowane yaro ki ba shi akwati ɗaya ya cika da abin da ransa yake so, kada ki ce masa wannan tarkace ne.

TAMBAYA

Anti, mu ma Dubai za mu koma. Ɗana ɗan shekara tara yana da takardar tallafi ta musamman a makarantarsa, yana kuma shan maganin rashin natsuwa kullum. Za a ci gaba da ba shi tallafin a can?

Baban yaro, Leeds

AMSA

Malam, Allah ya ba yaro lafiya. Takardar nan da ake kira EHCP ikonta bai wuce Ingila ba, ranar da kuka bar ƙasar nauyin ya sauka daga wuyan ƙaramar hukumarku. Duk da haka ka tafi da ita, tare da rahoton likita da na malamar da ke kula da shi, ka aika wa makarantu tun kafin ka biya kuɗin rajista. Kada ka ɓoye musu komai don a ɗauke shi, yaron ne zai sha wahala daga baya. Ka nemi su rubuta maka irin taimakon da za su ba shi, da kuma wanda zai biya, saboda a makarantun can sau da yawa iyaye ne ke biyan albashin mataimakin da ke zama kusa da yaro a aji. Maganinsa kuma, mai yiwuwa yana cikin waɗanda doka ta sa wa ido. Ka nemi izinin hukumomin lafiya na Daular Larabawa ta intanet kafin ku hau jirgi, ka riƙe wasiƙar likita, ka bar maganin a kwalinsa mai sunan yaron. Likitan nan ba zai rubuta muku na fiye da wata uku ba, saboda haka ka sami likitan yara a Dubai da zai ci gaba da rubuta shi, ka kama ranar ganinsa tun kuna Leeds.