In Kwance Sitabilaiza Don Motata Ta Daina Ɗaga Ƙafa a Rami?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Hilux mai ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu duka su ja, da nake shiga gona da ita. Da damina ruwa kan yanka hanyarmu, kuma in na zo tsallake kwazazzabo a karkace sai taya ɗaya ta gaba ta rataye a sama, ta baya ta ɗaya ɓangaren ta yi ta juyi a banza, motar ta tsaya cik. Bakanikena ya ce a kwance ƙarfen sitabilaiza a jefar, wai shi ke riƙe ƙafafun. Na kuma ga bidiyon Jeep Wrangler da ake danna maɓalli ƙarfen ya saki. In bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Bakanikenka ya gano cutar, amma maganin da ya rubuta ba zan sa maka hannu a kai ba.

Leƙa ƙarƙashin motarka ta gaba. Za ka ga wani dogon ƙarfe da ya gitta daga hagu zuwa dama, bakinsa biyu sun lanƙwaso, shi ne sitabilaiza. Tsakiyarsa na ɗaure da shasi cikin bushin roba biyu, kowane baki kuma an haɗa shi da ƙafar motar da ɗan gajeren ƙarfe, wanda makanikai ke kira linkej. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, ƙarfen juyawa kawai yake yi cikin bushinsa, ba ya hana komai. Amma idan ɗaya ta hau, ɗaya ta sauka, dole ya murɗu kamar yadda ake matse wanki, shi kuwa ba ya son murɗuwa. Wannan turjiyar ita ce aikinsa. Ita ke hana jikin mota kwantawa gefe idan ka sha kwana da gudu.

To a kwazazzabo, abin da ke cetonka a kwalta shi ke cutarka. Taya ɗaya na bisa gaɓa, ɗaya na neman ƙasa a cikin rami, ƙarfen kuma ya hana ta miƙa ƙafa. Da ta rabu da ƙasa, sai difaranshal, wato giyar da ke raba juyi tsakanin tayar hagu da ta dama, ya yi halinsa, don in ba mai makulli ba ne, tayar da ba ta riƙe komai ita ce ke juyawa, wadda ke kan ƙasa ta zauna. In hakan ya faru a gaba, ya kuma faru a tayar baya da ke kusurwar da nauyi ya bari, ogzilari bai tsinana maka komai ba.

Iya murɗuwar ƙafafun mota ba tare da taya ta bar ƙasa ba, masu wasan hawan duwatsu a Amurka har awo suke yi masa. Mota kan ɗora taya ɗaya bisa gangaren ƙarfe mai digiri 20, ta yi ta hawa har wata tayar ta ɗaga, sai a raba nisan da ta hau da tazarar da ke tsakanin aksul na gaba da na baya, a ninka sau 1,000. Kwance sitabilaiza na ƙara wannan maki sosai, amma a mota irin Wrangler.

Nan ne gizo ke saƙar. Wrangler aksul ɗinta na gaba guda ne miƙaƙƙe, kamar na Land Cruiser 70. In gefe ɗaya ya hau, sai ya danna ɗaya gefen ƙasa, don haka sakin ƙarfen na ba ta 'yanci mai yawa. Hilux ɗin da aka saba gani yanzu kuwa kowace tayar gaba cin gashin kanta take yi, kuma nisan da za ta iya sauka gajere ne tun daga masana'anta. Shokazoba zai tsayar da ita, kuma sandar da ke kai mata juyi ba ta son lanƙwasa mai yawa. Za ka ga ɗan bambanci, ban musa ba, amma mafi yawan murɗuwar Hilux daga sifirin na baya take fitowa, can kuma yawancinsu ba su da sitabilaiza tun asali.

Maɓallin da ka gani a bidiyo na samfurin Rubicon ne, ya zo da shi tun 2007. Ka lura da sharaɗin da kamfanin ya gindaya: sai mota na cikin ogzilari, kuma gudunta bai kai mil 18 a awa ba, wato kimanin kilomita 29. Da ka wuce haka sai ta mayar da ƙarfen da kanta. Toyota ta bi wata hanya da tsarin KDSS, wanda ya fara fitowa a Lexus GX 470 kafin ya shiga Land Cruiser 200 da wasu Prado. Shi babu maɓalli, mai ne ke yawo tsakanin silinda ta gaba da ta baya, ya ƙulle ƙarafan a kwana, ya sake su a rami. Duk cikin kamfanonin nan babu wanda ya yarda ya jefar da ƙarfen, kowa dabarar mayar da shi ya nema.

Dalili kuwa shi ne ranar da za ka taso daga gona da buhunan masara, ka hau kwalta, akuya ta faɗo maka. Ka karya sitiyari, jikin motar ya kwanta fiye da yadda hannunka ya saba, kuma da yake gaban ne kaɗai ka sassauta, bayan motar ya fi saurin zamewa. Mota mai tsayi, ga kaya a sama, ba ta ba da dama ta biyu. Wannan ma ya sa nake faɗa da makanikan da ke cire linkej don kawai yana ƙwanƙwasa. A sauya shi, ba a cire ba.

In ni ne kai, da kuɗina zan fara nufar taya mai manyan haƙora, sannan makullin difaranshal na baya. Wasu Hilux na baya-bayan nan ma da shi suke zuwa, ka duba ko taka na da maɓallinsa. Da makulli, ko taya ta rataye, 'yar uwarta za ta ci gaba da tura mota. A yashi kuma kada ka taɓa sitabilaiza sam, rage iskar taya shi ne magani.

Idan duk da haka kana son gwadawa, akwai linkej mai fil da ake zarewa da hannu. Kafin ranar farko, a ɗaga motar a gareji, a saki ƙafafun har ƙarshe, a tabbata tiyon birki da wayar ABS ba su miƙe tsam ba, taya kuma ba ta gogar komai in an karya sitiyari. A bakin ramin za ka zare fil ɗin na gefe biyu, ka ɗaure ƙarfen sama kada ya riƙa dukan taya, ka tsallaka a giya ta ɗaya. Mayarwa sai a shimfiɗaɗɗen wuri, don in motar na karkace ramukan fil ɗin ba za su haɗu ba, sai ka sa yaro ya girgiza motar kana tura fil ɗin. Ka yi wannan kafin tayarka ta taɓa kwalta.