Tsohuwar monita ta ƙi kawo hoto da na jona ta da laftof

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar monita mai inci 17, irin mai shuɗin bakin nan na VGA, laftof ɗina kuma HDMI kawai gare shi. Na sayo kebul mai HDMI a kai ɗaya, VGA a ɗaya kan. Ina jonawa sai ta rubuta "No Signal", fitilarta ta koma ruwan lemo, allon ya yi baƙi ƙirin. Ta mutu ke nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Monitar da ta iya rubuta maka "No Signal" da ranta. Wuta ta shige ta, hasken allonta na aiki, hoton ne bai iso gare ta ba. Ni dai kebul ɗin nake zargi.

VGA tsohon tsari ne, tun 1987 IBM ta fito da shi, kuma siginar analog yake ɗauka. HDMI kuwa dijital ce zalla. Yarensu ba ɗaya ba ne, sai da tafinta a tsakani, wato ɗan cip da ke juya siginar. Yawancin dogayen kebul masu arha da ake sayarwa da kai biyu daban waya ce kawai a ciki, babu cip, don haka ko ka kwana kana cirewa kana mayarwa ba za su kawo komai ba. Abin da za ka nema shi ne konbata, ɗan ƙaramin akwati mai gajeriyar wayar HDMI, sai ka haɗa shi da kebul ɗin VGA na asali. Ka duba rubutun jikinsa da kyau: "HDMI to VGA" kake so. Mai "VGA to HDMI" kamarsu ɗaya a ido, amma hanya ɗaya kowanne ke bi. Idan yana da ramin USB a gefe ka ba shi wuta, domin wasu laftof ɗin wutar da suke bayarwa ta HDMI ba ta isar cip ɗin.

Bayan ka jona, danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi "Duplicate". In monitar na da maɓallin "Input", ka tabbata a kan VGA take.

Ka kuma leƙa cikin bakin kebul ɗin VGA da tocila. Allurai 15 ne a layi uku, wasu kebul ɗin da 14 suke zuwa, wannan ba matsala ba ce. Lanƙwasassa kake nema. Ta 12 da ta 15 su ne hanyar da monita ke gaya wa kwamfuta irin girman hoton da take iya ɗauka; in sun lanƙwashe, kwamfutar na iya aiko mata da abin da ya fi ƙarfinta. A nan ne za ka ga saƙon ya canja zuwa "Out of Range". Maganinsa a laftof ɗin yake: danna Windows tare da P ka koma "Extend" domin monitar ta fito a matsayin allo daban, sannan ka shiga Settings, System, Display, ka zaɓi allo na biyu, ka sauke shi zuwa 1280x1024 a kan 60Hz, wanda shi ne daidai da yawancin masu inci 17 na wancan zamani. In ta ƙi, gwada 1024x768.

Ranar da za ka je sayen konbatan, ka tafi da laftof ɗin, a gwada shi da monitar shagon a gabanka kafin ka biya.