Wayar da muke maƙalawa kafin mu saki mai

Ɗana, ka ce gas, wato man dizal, muke ɗauka a tankarmu ba fetur ba, ko ashana aka jefa masa da ƙyar ya kama, to don me nake hana ka jawo tiyo sai ka maƙala wayar nan a jikin tankin da za mu zuba wa mai?

Gaskiyarka, gas ba ya fitar da tururin da zai kama wuta sai zafinsa ya haura digiri 50, shi kuwa fetur ko a tsakiyar sanyi tururinsa a shirye yake. Amma dubi yadda motar take aiki. Famfonmu daga giyabos yake samun ƙarfi, ya zuƙo mai, ya bi da shi ta filta da mita, ya turo shi tiyo a guje. Wannan gogayyar tana tara lantarki, irin wanda kake ji ya yi "tas" idan ka tuɓe riga mai santsi da hunturu. In mota ta tara nata, wancan tankin bai tara ba, kan tiyo na kusantarsa sai tartsatsi ya yi tsalle. Wayar, da ke haɗa mota da tankin, ita ce ke daidaita su. Ka maƙala ta a ƙarfe tsirara, ba kan fenti ko tsatsa ba, ita ce farkon sawa, ita ce ƙarshen cirewa.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne tankin da ya taɓa ɗaukar fetur. Tururin yana nan kwance a ciki, gas kuma yana riƙe lantarki. Don haka ka tambaya tukuna, sannan ka fara sakin mai a hankali har bakin bututun ya nutse.

Sauran ka san su: burki da waigi, a kashe janareta, tukunyar kashe gobara mai hoda a kusa da kai. Kada ka tokare kan tiyo da tsinke ka tafi shan shayi. Kada ka cika tanki fal, mai yana kumbura in rana ta buɗe.

In ya zube, rufe bawul, ka bi shi da yashi, ruwa yaɗa shi yake yi. Ka kori jama'a nesa tun kafin su zo da jarkoki. A Majiya ta jihar Jigawa, a Oktoban 2024, kwasar fetur daga tankar da ta faɗi ce ta ci rayuka sama da 150. Allah Ya jiƙansu.