Taransistar da Za Ka Sa, da Mutumin da Ya Ƙona Min Amfilifaya

Ka ce taransfomar amfilifayar da kake haɗawa 35-0-35 ce, wato mai ba da bolt 35 a kowane ɓangare, kana tambaya ko taransistocin 2N3055 ɗin da ka ciro daga tsohuwar rediyon can za su tura sifika, da kuma ko ɗan alminiyam ɗin da ka kwance daga cikin kwamfuta zai isa ya sha zafin. Ajiye wayar nan ka dube ni, yaro.

Wutar taransfomar nan, in ta bi ta dayod da kafasita, tana komawa kusan bolt 49 sama, 49 ƙasa. Taransista ɗaya kan ga kusan 98 a kanta. Ita kuwa 2N3055 iyakarta 60. Ka ga maganarta ta mutu. Je ka nemo 2SC5200 da abokiyar tafiyarta 2SA1943, na Toshiba, masu ɗaukar bolt 230 da amfiya 15. Yadda ake gane ƙafafunsu ba zan ɓata bakina ba, shekara biyu kana shagon nan.

Amma ka tuna min da wani mutum, wallahi har yanzu in na tuna shi sai abinci ya fita raina. Mai ba da hayar kayan sauti ne na biki da suna. Ya shigo da babbar riga da turare, yana ta "Injiniya, Injiniya", ni kuwa na yi wa rogo kallon kitse. Na tambaye shi har sau uku: sifika nawa za ka ɗaura? Ya ce biyu, masu om 8, ɗaya a kowane gefe. A kan maganarsa na yi lissafi. Na sa 5200 da 1943 ɗaya-ɗaya a kowane gefe, na kwana huɗu ina aiki, na gwada a gabansa tun daga la'asar har aka kira magariba, alminiyam ɗumi kawai ya yi. Ya ba ni rabin kuɗi, ya ce ragowar bayan biki.

Ranar Lahadi sai ga shi da amfilifaya a cikin buhu. Tun kafin in kwance sukuru na ji ƙaurin. Taransistocin gefe ɗaya sun tsage, resistocin da ke kan ƙafarsu da ake kira emita, farare ƙal da na sa da hannuna, sun koma gawayi. Daga baya yaronsa ne ya faɗa min gaskiya a bakin masallaci. Sifika huɗu suka jera a gefe ɗaya, waya kan waya. Huɗu masu om 8 in ka haɗa su haka sun koma om 2, wato wutar da suke ja ta ninka huɗu. Kuma a watan Afrilu ne, a filin rana, sannan suka lulluɓe akwatin da darduma wai kar ƙura ta shiga. Fiyus ya yanke musu sau biyu, sai suka naɗa masa waya. Da taransista ta ƙone ta haɗe ta ciki, wutar ta zarce kai tsaye cikin sifikun ta soya musu koyil.

Ka san abin da ya yi? Ƙarata ya kai wurin shugabannin kasuwa, wai na sa masa jabu na kunyata shi gaban dangin amarya. Na ɗauki guduma na fasa ɗaya a gabansu, na nuna musu ƙwayar da ke ciki, faffaɗa, ba irin 'yar mitsitsiyar da ake samu a jabu ba. Dattawan nan ba su san abin da suke kallo ba. Yaron nasa kuma ya ce shi bai faɗi komai ba. Aka ce a yi sulhu. Sulhun shi ne na yafe ragowar kuɗina, na kuma biya naɗin koyil biyu daga aljihuna, a watan da mai ɗakina ta haihu. Ragon suna sai da na ci bashi. Har yau yana wucewa ta layin nan, ko sallama ba ya yi.

Tun daga ranar ban sake gina amfilifaya a kan abin da bakin mai kaya ya faɗa ba. Ya ce om 8, ni om 4 nake ji. A wutar taka ka sa biyu-biyu a kowane gefe, kowace da resistarta ta emita, om 0.22 ko 0.33 mai wat 5, don kar ɗaya ta ɗauke wa 'yar'uwarta kaya. Wat 150 da kuke gani a takardar bayanin 5200 ku yi ta murna, ai sai jikin taransistar yana kan digiri 25 take ɗaukar wannan. Ina za ka samu 25 a cikin akwati a Kano, lokacin da inuwa ma ta haura 40?

Shi ya sa wannan ɗan alminiyam naka ka mayar da shi inda ka ɗauko. Nemo mai kauri, mai tsawon kamu guda ko fiye, mai haƙarƙari da yawa, kuma haƙarƙarin su tsaya a tsaye don iska mai zafi ta haura. Ka sa fanka. Ƙarfen bayan 5200 a haɗe yake da ƙafarta da ake kira kolekta, akwai wuta a jikinsa, saboda haka sai da maika, ɗan fallen da ke tare wuta, a tsakaninta da alminiyam, farin man nan mai kai zafi ga alminiyam kuma shafa kaɗan, ba yadda kuke lafta shi kamar man shanu ba. 'Yar taransistar bayas, wadda ke daidaita wutar da ke bi ta manyan, ka ɗaure ta a jikin alminiyam ɗin kusa da manyan. In ba ta jin zafin da suke ji, wuta za ta yi ta ƙaruwa, zafi na ƙaruwa, har su tafi.

Ku yaran yanzu kun fi son fitilu masu walƙiya a gaban akwati da ku zauna da mita na minti goma. Kun kalli bidiyo ɗaya, kun zama injiniyoyi. Mu sai da muka shekara muna share shago kafin a bar mu mu taɓa dalma.

In ka gama haɗawa, kar ka kusanci sifika. Jona ƙwan fitila mai wat 100 a jere da wutar shiga, ka auna bakin fita da mita, sannan ka kira ni. Kuma taransistocin, ka kawo min su in gani kafin ka biya kuɗi.